Na Je Kwatano Ɗauko Cutar Tsutsa

Tun da na dawo daga Kwatano ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin mai shayin bakin layinmu a Ɗorayi, sai wani ya matso ya ce ina motar. A wurin mutanen Kano ba abin da ke kai mutum Kwatano sai sayen mota, kuma in na ce ba ita ta kai ni ba sai su yi ɗan murmushi, wai ɓoyewa nake kada a zo aro. To, na gaji da maimaitawa. Ga labarin a rubuce, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in huta.

Sunana Lawan, kuma a lokacin ma'aikacin ɗakin gwaji ne ni a wani kamfanin haɗa maganin feshi a Sharaɗa. Mu biyu ne a ɗakin, ni da Malam Isiyaku, dattijo mutumin Jigawa da ya shekara ashirin da biyu yana wanke kwalabe da auna ruwan magani. Kun dai san halin da ake ciki a shekarun nan. Wuta sai an ga dama, masaƙun Bompai da Chalawa na rufewa ɗaya bayan ɗaya, kayan waje sun cika kasuwa a araha. Alhaji, mai kamfanin, ya duba ya ga sayo magani a katan ya fi haɗawa sauƙi. Ya kira mu ya ce ƙarshen wata mai kamawa zai mayar da ɗakin gwaji sito, sai fa in mun fito masa da abin da babu irinsa a kasuwa. Ma'ana dai ni da Malam Isiyaku mu fara tunanin wata sana'ar.

Ana cikin haka takarda ta zo daga wata cibiyar binciken noma a Kwatano, suna neman mutum ɗaya ya je kwas na mako uku a kan kashe tsutsar tumatir da cutar da ke kama tsutsa, ba da guba ba. Da farko ɗan ƙanen Alhaji aka rubuta, har ya ɗinka kaya. Da aka karanta masa shafi na biyu ya ji da hannu ake kama tsutsotsin, sai ya tuna yana da basir, ba ya iya doguwar tafiya. Haka abin ya faɗo kaina. Ranar da zan tashi Malam Isiyaku ya raka ni bakin get, ya miƙo mini filas ɗinsa na shayi, ya ce, "Malam Lawan, 'ya'yana tara. Ban ce komai ba, na dai faɗa maka."

Alhaji ya ce jirgi na masu gaggawa ne, don haka ta Kamba na bi. Motar mutum bakwai ce aka cusa mu goma sha ɗaya, ni a maƙale da wani falken albasa mai suna Ɗan'azumi, wanda ya san hanyar kamar tsakar gidansu. Kafin mu kai Gusau ya gama jin tarihina, ya kuma yanke hukuncin cewa mai gidana ba ya so na, tunda ana aiken mutane Kwatano ɗauko mota ni an aike ni ɗauko cuta. Shi ya koya mini Faransancin da na rayu da shi mako uku, wato bonju da mersi da fardon. Ya kuma gargaɗe ni kada in kuskura in nuna boko a gaban jandarma, in an tambaye ni in amsa gajere kamar mai ciwon haƙori.

A Gaya, cikin Nijar, na shimfiɗa wa jandarma takarduna kaf, fasfo da wasiƙar gayyata da katin aiki, har da shahadar kammala karatu, don ya san da wa yake magana. Ya ture su gefe ya ce ina katin riga-kafi. Ba ni da shi. Aka kai ni wata rumfa, wata mata ta caka mini allura ba ko sannu, aka ba ni katin ruwan ɗorawa. Kafin in fito buhunan albasar Ɗan'azumi sun riga ni tsallake gadar Malanbil da ke kan iyaka da awa biyu, shi kuwa yana zaune a kansu yana mini dariya.

Daga nan sai kudu, tafiya ba ta ƙarewa. A Faraku aka kawo mini sakwara da wasu jajayen yanka a miya, na ɗauka awara ce, ashe cukun Fulani ne da suke kira wagashi, kuma wallahi ya fi awararmu, duk mai jin haushi ya ji. Burodinsu ne dai ban yafe ba. Dogo ne kamar sanda, ga tauri, in ka ciza sai dasashi ya yi jini, su kuma a hammata suke saƙale shi suna tafiya ba ko takarda.

Kwatano kuwa garin 'yan acaɓa ne, kowanne da riga ruwan ɗorawa da lamba a baya. Mata ma na tuƙa babur, da goyo da kwandon kifi, ba mai waiwayensu sai ni. A bakin titi ga fetur jere a manyan kwalabe. Na tambaya aka ce daga Najeriya yake zuwa. Na tsaya na dube shi sosai, don na kwana biyu ban gan shi a gida ba sai bayan dogon layi. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne da rana ta take sai a rufe ofis da kanti, kowa ya tafi gida ya ci abinci ya miƙe ƙafa har wajen ƙarfe uku. Mu a Sharaɗa a tsaye ake cin garau-garau, ana ci ana kallon ƙofar manaja.

Ɗan'azumi ya sauke ni a unguwar Zango wurin mai masaukinsa, ɗaki ɗaya mu takwas da katan-katan na atamfa. Iskar garin jiƙaƙƙiya ce, in ka wanke riga yau sai jibi ta yarda ta bushe, kai kanka ba ka bushewa. Shi ya sa ranar da na fara shiga ɗakin kiwon tsutsa a cibiyar na ji baƙin ciki. Kowace tsutsa da ɗan kofinta ita kaɗai, don in an haɗa su cinye juna suke yi. Ga na'urar sanyaya ɗaki, ga abinci na garin wake da sinadaran ƙarin lafiya, wuta kuma ba ta ƙiftawa. Ban taɓa zaton zan yi wa tsutsa hassada ba sai ranar.

Malamarmu wata 'yar gajeriyar mata ce, Dakta Filomen, muna ce mata Madam. A kan babur take zuwa, kuma ita ke wanke kwalabenta da hannunta. Ranar farko na gama aiki na tara nawa a gefe na kama hanya, sai ta kira ni ta tambayi wa na bar wa. Na wanke ina gunaguni a zuci, ruwan sabulu na cin yatsuna, sai na tuna shekara shida ke nan Malam Isiyaku na yi mini wannan aikin ban taɓa ce masa sannu ba.

A ranar ce kuma na yi tambayar da ta ba ajin dariya. Na ɗaga hannu na ce in an fesa wa tsutsa wannan cutar, minti nawa take yi ta mutu. Madam ta ce kwana biyar, wani lokacin har bakwai. Ni kuwa na san mutanen da zan koma wa. Na ce to a ninka maganin mana, ko a ɗan ɗiga masa guba ya yi sauri. Ta ce in ka kashe tsutsar da guba, wa zai yi wa cutar aiki? Daga nan ta ja allo ta yi mana bayani, ni kuma ga yadda na fahimta.

Jikin tsutsa, da namu ma, an gina shi ne da wasu 'yan mitsi-mitsin ɗakuna da ake kira sel, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. A tsakiyar kowane sel akwai kundi mai umarni dubbai, kowane umarni yana faɗin yadda za a ƙera furotin iri ɗaya, su kuwa furotin su ne ma'aikatan sel da kayan aikinsa. Amma umarni ba ya aiwatar da kansa. Sai wani magatakarda da ke cikin sel ya zo ya kwafe shi an kai wurin ƙira. Wanda ake kwafa shi ne a kunne, wanda ba a kwafa yana nan a kashe kamar babu shi.

Ita kuma cutar, bairos, ba ta ci ba ta sha, ko motsi ba ta yi. Ɗan guntun kundi ne a cikin kwanso. In tsutsa ta haɗiye shi da ganye, ruwan cikinta ya narkar da kwanson, kundin ya lallaɓa har tsakiyar sel. Umarninsa na farko an tsara kansa daidai da irin na gida, don haka magatakardan sel ke kwafe shi bai tambayi kowa ba. Furotin ɗin da ke fitowa daga nan Madam na kiransa Ai-i-wan, ni kuwa hedman na sa masa, wato shugaban leburori, don ba ya ƙera komai da hannunsa. Biyu-biyu suke haɗuwa su zauna a wasu wurare masu alama a jikin kundin bairos, su jawo magatakarda su sa shi gaba, kwafi wannan, kwafi wancan. Umarnin da ɗazu ba mai kula su sai a shiga kwafarsu ba ƙaƙƙautawa.

Su waɗannan na biyun, wasu aikinsu buga kundin bairos da yawa, wasu kuma riƙe hannun sel, don sel yana da wata ɗabi'a, in ya gane an shige shi sai ya kashe kansa maƙwabta su tsira. Bayan haka ne bairos ke ƙera nasa magatakardan wanda ba ya karanta kundin kowa sai nasa, ayyukan gidan na asali su yi ta mutuwa. Sababbin bairos su fice su shiga sel na gaba, a sake daga farko. Can ƙarshe ake kunna umarnin ƙera kwanso. Kowane mataki shi ke kunna na bayansa, ba mai tsallake wani.

Na ce Madam, wannan ai Sharaɗa ce da safe. Sai an ta da janareta kafin kwamfuresa ta tara iska, sai ta tara kafin injin gauraya ya juya, mai cika kwalba kuwa ko ya zo da asuba zaman jira zai yi. Ta ce in rubuta haka a jarrabawa za ta ba ni maki. Sannan ta nuna mana da idonmu. Faranti biyu na sel ɗin tsutsa, duka an sa musu wani umarni da ke fitar da launi in an kunna shi, ɗaya an haɗa masa da umarnin ƙera hedman, ɗaya babu. Bayan kwana biyu mai hedman ya rine shuɗi kamar an tsoma shi a karofi, ɗayan yana nan fari fat. Na daɗe ina kallon farantin nan ina tasbihi, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Mun ga ƙarshen tsutsotsin ma. A kwana na biyar sukan bar ci, su hau can sama su rataye kai ƙasa, jikinsu ya narke ya zama ruwa mai wari. Wannan ruwan cike yake da sabon bairos, shi ake tacewa a sake fesawa. Ranar sallama Madam ta ba kowa 'yar kwalba ɗaya ta ruwan bairos ɗin, ta ce a kiyaye ta daga rana don hasken rana na lalata ta. Na cusa tawa a filas ɗin Malam Isiyaku na rungume.

A iyaka wajen dawowa, babu Ɗan'azumi, na manta gargaɗinsa. Jandarma ya buɗe filas ya tambayi mene ne, ni kuma na gyara tsayuwa na ce bairos ne. Ya ja da baya ya kira 'yan uwansa. Na yi bonju, na yi fardon, na yi mersi, Faransancina ya ƙare. Can wani dattijo a cikinsu mai jin Hausa ya matso, na ce masa maganin tsutsa ne, ya ce a garinsu mai magani shi ke fara sha. Madam ta tabbatar mana ba ya kama mutum ko dabba, amma ba ta faɗa mana ɗanɗanonsa ba. Na tsoma yatsa na lasa, na tuna daga inda aka tato shi, na haɗiye tare da 'ya'yan Malam Isiyaku tara a raina. Suka zaunar da ni a benci awa guda suna leƙo ni, da suka ga ban faɗi ba suka ce in tafi.

Na iso Kano saura kwana uku wata ya ƙare. Na fara yi wa Alhaji bayanin sel da magatakarda, ya katse ni ya ce an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙas. Jibi zai kira dilolin maganin feshi a gwada a gabansu.

Wanda bai san yadda dilolinmu ke gwada magani ba, ga shi. Da farko a buɗe kwalba a shinshina, in bai bugi hanci ya sa hawaye ba, an ce an sirka shi. Sannan a zuba tsutsa a faranti a fesa, a tsaya a kanta. In ta murɗe kafin a gama gaisawa, magani ya yi. Manomi ma haka yake yi a gona, sha yanzu magani yanzu, kuma a kan wannan ake saye ake sayarwa tun kafin a haife ni.

Malam Isiyaku ya je gonakin bakin kogin Chalawa ya tsinto tsutsotsi ashirin da huɗu, kowace ya sa ta a kofinta da ɗan yankan tumatir. Sha biyu muka ware ba za a fesa musu komai ba, yadda Madam ta koya mana, don a ga bambanci. Aka jera kujeru a harabar kamfani. Babban dilan ya karɓi ruwan da na sirka ya kai hanci, ya sake kaiwa, ya miƙa wa na kusa da shi ya ce ko warin kirki babu. Na fesa. Tsutsotsin suka ɗan dakata, sannan suka ci gaba da cin tumatir kamar an zuba musu miya. Alhaji ya sa aka kawo wasu a faranti, ya fesa musu na katan, kafin ya ajiye kwalbar sun nannaɗe. Aka yi kabbara.

Na ce a yi haƙuri, nawa a ciki yake aiki, mataki-mataki. Alhaji ya dubi agogo, minti goma da fesawa.

"To yanzu a wane matakin suke?"

"Ranka ya daɗe, yanzu ko hedman ɗin ba a ƙera ba."

Dilolin suka yi dariya har da riƙe ciki. Da suka lafa, babbansu ya ce da ni, ba da wasa ba, in ya sayar wa manomin Kura wannan, gobe da safe ya ga tsutsa na ci, kwalbar zai dawo masa da ita har da zagi, kuma ba zai sake taka rumfarsa ba. Na so in ce wannan ba ya kashe zuma, ba ya ƙona hannun mai feshi, ba ya bin tumatir zuwa tukunya. Na faɗa ma, amma sun riga sun miƙe suna gyara riguna. Gaskiyar babban dilan ce ta ba ni haushi. Washegari aka ba mu takardun sallama.

Malam Isiyaku ya jera kofunan nan a kwali ya ɗaura a bayan acaɓa ya tafi da su ɗakinsa a Na'ibawa, ya ce ba a barin aiki a tsakiya. Ni kuwa na shige gida na ƙi fita, ina jin kunyar haɗa ido da shi.

Ranar kwana biyar da hantsi ya yi sallama a ƙofar gidanmu da kwalin a ka. Muka zauna a soro ya buɗe. Sha biyun da ba a fesa wa ba sun yi ɓul-ɓul suna ta ci. Sha biyun da aka fesa wa kuwa duk sun hau sun rataye a jikin ƙyallen da ya rufe kofunan da shi, sun narke, ba ko ɗaya da ta tsira. Dattijon nan kullum sai ya canza musu tumatir, ya kuma rubuta abin da ya gani da ajami a bayan takardar sallamarsa.

Muka ɗauka sai Sharaɗa. Mai gadi, abokin hirarmu na shekaru, ya ce an ba shi umarni wanda ba ma'aikaci ba ba ya shiga. Ta tsakanin ƙarafan get muna hango lebura na loda katan a ɗakinmu. Muna tsaye motar Alhaji ta fito. Ya sauke gilas, ya leƙa kwalin, ya toshe hanci ya ce, "Sun mutu? To, Allah ya sa sun huta." Direba ya ja.

A nan bakin kwata Malam Isiyaku ya tsuguna ya fito da wata tsohuwar kwalba da tsinke, ya kankare gawarwakin nan ɗaya bayan ɗaya ya zuba, ya toshe, ya naɗe ta a safa don kada rana ta taɓa ta. Shekara ashirin da biyu a kamfani, abin da ya fita da shi ke nan. Na juya baya don kada ya ga idona.

Ranar Asabar na raka shi tashar 'Yankaba zai koma Jigawa. Na ce ya yafe mini, na je na dawo ban tsare masa aikinsa ba. Ya ce yana da 'yar fadama a bayan garinsu, bana tumatir zai sa. Ya dafa aljihun da kwalbar take.

"Ni yanzu ba inda za ni, Malam Lawan. Zan jira ta kwana biyar ɗin."